Amfilifaya Mai Hawa Biyar

Tun da na dawo daga Kwatano mutane ba su bar ni na huta ba. A ofis, a masallaci, har wurin mai shayi, tambayar ɗaya ce: "Malam Bello, ya hanya? Mi kag gano?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya je ya ƙara masa gishiri. To ga shi a rubuce. Mai son dariya ya yi abarsa, ni dai na riga na sha kunyata.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Shekara da shekaru falona a Runjin Sambo shi ne majalisarmu. Mu bakwai ne, tun muna samari. Asabar da Lahadi bayan la'asar kowa zai iso da babur ɗinsa, a kalli ƙwallo, in babu ƙwallo a sa fim. Talabijin ɗina ba wata babba ba ce, sautinta ma daga cikinta yake fita, amma ba wanda ya taɓa kushe ta. Haka muke har Attahiru ya gama gininsa a Mabera.

Attahiru, wanda muke kira Atta, abokina ne tun firamare, kuma in za a faɗi gaskiya ni nake ba shi amsa a aji. Ni na ci gaba da karatu na zama ma'aikaci, shi ya bi kawunsa fataucin albasa zuwa Kwatano, Allah ya buɗa masa. Ranar da ya kira mu ganin sabon gida muka tarar da wasu baƙaƙen akwatuna uku an ɗora wani kan wani, kowanne da 'yar fitilarsa, ga sifiku gaba da baya. Ya sa fim ɗin yaƙi. Jirgin sama ya taso ta bayan ƙeyarmu ya wuce ta gaba, har Ɗan Ige tela ya sunkuyar da kai. Nan take aka raɗa wa kayan suna mai hawa uku. Asabar ta gaba mutum huɗu suka zo gidana. Wadda ta biyo bayanta biyu. Ta ukun ni kaɗai na zauna, shayi ya huce a buta.

Ƙyashi ne, ba na ɓoyewa. Ya hana ni cin tuwo da daɗi. Na rantse wa kaina sai na dawo da mutanena falona, kuma hanya ɗaya na gani, in sayo abin da ya fi nasa. Matsalar ita ce ban san inda ake samun irin kayan ba, ban taɓa wuce Birnin Kebbi ba, kuma mutum ɗaya na sani da ya san hanya. Dole na same shi. Na ce masa ina son ɗan abin sauti ne saboda iyali.

"Kai, madalla!" in ji Atta. "Jibi nika tashi. Shirya mu tahi tare, in kai ka wurin da nis sayi nawa."

Da ya ɗan ɓata rai ma da na fi jin daɗi.

Tun daga tasha abin ya fara. Direba na hango Atta ya washe baki, ya buɗe masa gidan gaba. Atta ya ce in shiga, ni ne baƙon hanya. Na ce a'a, ni baya na fi so. Ƙarya nake yi, ba na son a ce a cikin alfarmarsa na zauna. Sai ga ni a kujerar ƙarshe, tsakanin buhun gero da wata dattijuwa mai kwandon zabi. Kafin mu kai Argungu wata zabuwa ta zuro kai ta cafke ni a gwiwa, kafin Kamba kuma sun gama da ƙasan rigata. Atta yana gaba iska na kaɗa shi, yana ta miƙo mini dabino ta kan mutane.

A kan iyaka na ce yau ranata ce. Na zo da takarduna a jere cikin fayil irin na ofis, har da katin rigakafi. Jami'in ya karɓa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ni aikina, da abin da zai kai ma'aikaci Kwatano, da ko an ba ni hutu. Ina tsaye a rana ina amsawa. Da na waiga sai na ga Atta a kan benci a inuwa, ya miƙa tasa takardar da ta sha jiki an duba an mayar masa, wani jami'in yana tambayarsa ya mai jiki a gida. Sai da ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan'uwana na, tare muke," aka tattara mini fayil ɗina.

Daga nan sai kogi. Ni ɗan Sakkwato ne, gulbin da na sani da rani yara ke tsallake shi a ƙafa. Wannan kuwa ruwa ne da ba ka ganin mutumin da ke wancan gaɓar sai kamar ƙuda. Aka loda mu a kwalekwale mai inji tare da babura biyu da buhunan gishirin manda. Na riƙe gefen jirgi da hannu biyu, na karanta duk addu'ar da na haddace. A tsakiyar ruwa iska ta ɗauke mini hula. Ina kallo ta juya sau biyu ta bi kogi. Atta ya buɗe jaka ya ba ni wata, kuma ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba. Da ita na yi sauran tafiyar, duk inda aka yaba ta sai in ji kamar an tsunkule ni.

A Malanbil na fara ganin abubuwan mamaki. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi. Shayi kuma a kwano ake ba ka, ka tsoma burodin ciki. Man fetur ɗinmu na gida shi na gani a bakin titi cikin manyan kwalabe masu tumbi, kowa na saye hankali kwance. A Faraku muka ci sakwara da soyayyen cuku a miya, abin da suke kira wagashi. Na so in kushe, amma sai da na nemi ƙari. Mai abincin ta san Atta, ta ƙara masa yanka biyu a kan nawa.

A Kwatano unguwar Zango muka sauka, gidan wani dattijo, Alhaji Sani, wanda kakansa ya zo daga Gobir. Hausarsa ta tsofaffi ce, sai dai kowace jimla da jelar Faransanci. Ɗakin da ya ba mu tsaf yake, amma zafin garin ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona ka ya bar ka a bushe. Nasu jiƙa ka yake yi. Na wanke rigar da zabi suka ɓata na shanya, kwana biyu tana nan da danshinta. 'Yan acabansu duk da riga ruwan ɗorawa, mata kuma da kansu suke tuƙa babur, jaka a kafaɗa. Da rana ta take sai ka ga wasu shaguna sun ja ƙofa, wai an tafi cin abinci da hutawa. Na ce wa Atta a kasuwarmu wanda ya yi haka ai maƙwabcinsa ya kwashe masa ciniki. Ya ce nan ma maƙwabcin ya tafi nasa hutun.

Washegari ya kai ni shagon. Na zaci zan ga wani ƙaton mutum da sukudireba a aljihu. Sai ga mace, babba, da tabarau a rataye a wuya, ana kiranta Madam Odil. Shagon cike yake da kayan sauti na gwanjo daga Turai, an jera har rufi. Hausarta kaɗan ce, Atta ne tafinta.

Ba ta nuna mini komai ba sai da ta yi mini tambayoyi kamar likita. Falon taku nawa ne? Na ce shida a biyar. Ƙasan tayil ne ko kafet? Wace wuta nake da ita? Na ce in an kawo an kawo, in ba a kawo ba akwai 'yar sola mai batir biyu. Wa zai riƙa kunnawa in ba na gida? Na ce uwargida da yara.

Sai ta dafa wani akwati guda, ta yi bayani Atta na juyawa. Amfilifaya iri biyu ce. Akwai haɗaɗɗiya, wadda komai ke ciki ɗaya: ɓangaren da ke karɓar sauti daga talabijin ya raba shi, wannan na gaba, wannan na baya, wannan na maganar 'yan wasa, da ɓangaren da ke ba sifiku ƙarfi. Waya ɗaya zuwa talabijin, rimot ɗaya. Akwai kuma rarrababbu, inda mai raba sautin ke akwatinsa daban, masu ba da ƙarfi kowanne da nasa. Waɗannan sun fi ƙarfi, sun fi tsabtar sauti in ɗaki babba ne kuma sifikun manya ne, in ɗaya ya lalace ko ya tsufa shi kaɗai za ka canza. Amma suna shan wuta, suna zafi, suna son wuri, kuma kunna su ma da ƙa'ida. Haɗaɗɗiya in ta mutu gaba ɗaya ta mutu, sai dai a ɗaki irin nawa ba za ta ma yi rabin aikinta ba.

"Ta ce," in ji Atta, "hwalonka da wutarka, guda ɗin nan ta ishe ka har ta yi saura."

Na ce ina son in ji da kunnena. Madam ta yi murmushi, ta jawo kujera ta juya ta, bayana ga kayan, fuskata ga bango.

"Alaji, zamna," ta ce. "Ido ba ya ji. Kunne kawai."

Ta kunna wani wuri a fim inda ake ruwa da tsawa, ta kashe, ta sauya wayoyi, ta sake kunnawa. Wanne ya fi? Na ce na biyun. Ta sake, na ce na farkon. Ta sake na uku, na zaɓa da ƙarfin gwiwa, har ina cewa wannan ai ko kurma ya san bambanci. Da na juyo sai na ga ita da Atta suna danne dariya. Sau biyu cikin uku haɗaɗɗiyar na zaɓa, har da na ƙarshen.

A nan ne Atta ya ce abin da ya ƙarasa ni.

"Ni ma irinta niz zo saye, Bello. Mai hawa ukun ga ta gallabe ni. Inbatar sola ba ta ɗaukar ta, hwalo ya yi zahi awa gidan burodi, in ba ni gida ba mai iya kunna ta. Shago za ni maida ta. Ɗauki guda mu tahi, ka huta."

Mai hankali da ya gode masa. Ni kuwa abin da zuciyata ta raya mini shi ne, ga shi nan, so yake in koma da akwati ɗaya, shi yana da uku a ajiye ga kuma na huɗu. Na hango Ɗan Ige yana shigowa falona yana cewa, "Wanga ɗan abin kat tahi Kwatano ɗaukowa?" Na miƙe na nuna wani jeri a kusurwa. Mai raba sauti ɗaya, masu ƙarfi uku, da wani mai fitilu da ke rawa sama da ƙasa wanda har yau ban san aikinsa ba. Hawa biyar.

Madam ta cire tabarau ta dube ni, ta dubi Atta, ta faɗi wata gajeriyar magana da Faransanci. Na ce me ta ce? Atta ya ce, "Ta ce Allah shi sa albarka." Ban yarda ba, har gobe.

Amma matar ta yi mini adalci. Ta zauna ta haɗa komai a gabana, sannan ta yanko farin salatif ta naɗa a bakin kowace waya, ta rubuta lamba, ta manna irin lambar a ramin da wayar za ta shiga a bayan akwati. Wayoyi sun fi ashirin. Ta ce in na isa gida ɗaya ta shiga ɗaya, biyu ta shiga biyu, ko yaro zai iya.

Da azahar Atta ya tafi wurin 'yan albasa, ni na zauna a masauki na buɗe kwalaye ina kallon dukiyata. Sai salatif ɗin nan ya tsaya mini a rai. Fari fat a kan baƙin ƙarfe, da rubutun biro. Duk wanda ya leƙa baya ya san kayan gwanjo ne an yi musu alama a shago. Ni kuwa so nake a ce sabbi ne dal. Na zauna da farce na ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya, na wayoyi da na akwatuna, har na sa ɗan kananzir a tsumma na goge danƙon. Alhaji Sani ya leƙo ya gan ni, ya ce, "Malam, wannan ba alamar hanya ba ce kake sharewa?" Na ce masa na haddace. A lokacin har ga Allah na ɗauka na haddace.

Dawowa ba sai na ja ba. Atta da kwalinsa ɗaya a hammata. Ni da biyar, ga sifiku shida, kowace tasha sai an sauke an kirga an ɗaure. A kwalekwale kan kwalayen na kwanta rub da ciki don kada ruwa ya fallatsa musu, tsoron kogin ma na manta.

Na isa gida ranar Laraba, na aika wa majalisa cewa Asabar kowa ya zo. Alhamis na zazzage wayoyi a tsakar falo, suka zube kamar taliya. Duk baƙaƙe, duk kai ɗaya. Bayan akwatunan kuma ramuka ne jere-jere, ja da fari da baƙi. Na gwada har magariba, shiru. Juma'a na kira mai gyaran rediyo na bakin titinmu. Ya yi awa uku, ya samu sauti ya fito, amma maganar mutane daga bayan kujera take zuwa, ga wani gurnani da ba ya tsayawa, akwati ɗaya kuma ya fara warin ƙuna. Ya zare filogi da sauri ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba.

Uwargida Hajara tana bakin ƙofa tana kallonmu. Ta ce, "Malam, mutum guda na garin ga yas san kan abin ga, kuma ka san shi."

Asabar da hantsi na kira shi. Ban san yadda na haɗa kalmomin ba.

Atta bai iso ba sai bayan la'asar, daga wurin ɗaurin aure, cikin babbar riga, lokacin majalisa ta riga ta cika. Ya leƙa bayan akwatunan, ya ga babu salatif ko ɗaya. Ya dube ni. Na jira ya tona ni a gaban mutane. Sai kawai ya tuɓe rigar ya ba Ɗan Ige, ya durƙusa a kan tayil ɗina yana bin waya ɗaya ɗaya da yatsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Kafin magariba ya kunna. Tsawa ta fashe, gilashin taga ya amsa, kofunan shayi suka yi rawa a faranti.

"Kai! Hannun Atta!" in ji Ɗan Ige. "Wallahi Atta injiniya na!"

Ba wanda ya ce kayan Bello.

Atta ya goge hannu ya ce, "Jama'a, wagga ta hi tawa nesa. Daga yau nan muka kallo." Suka ce to. Haka aka dawo mini da majalisata, kamar an miƙo mini sadaka.

Sati huɗu ana zuwa. Atta ne ke kunnawa, don shi ya san ƙa'ida, ni kuma ina tsaron sauti. Kayan da na kwanta a kansu a tsakiyar kogi ba zan bari a yi surutu a kansu ba. Wanda ya fara gardamar ƙwallo in ce a saurara. Wanda wayarsa ta yi ƙara in nuna masa ƙofa. Fanka ma kashe ta nake yi in an ɗauke wuta, don batir ba ya ɗaukar ta tare da hawa biyar, sai mu zauna muna gumi muna jin tsawa. A ɓoye kuma na sa ido na koyi kunnawar: mai raba sauti farko, a jira, sannan masu ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Wajen kashewa a faro daga masu ƙarfi.

Sati na biyar Atta ya koma Kwatano da lodin albasa. Na ce yau za a san mai gida. Na sayo tsire, Hajara ta dafa shayi mai kayan ƙamshi, na kunna da hannuna, fitilu biyar suka kama ba gurnani ba wari. Na zauna ina jiran ƙarar babura.

Aka fara wasa. Aka tafi hutun rabin lokaci. Na ɗauki waya na kira Ɗan Ige.

"Kuna ina?"

"Muna Mabera, Malam. Ƙohwar gidan Atta."

"Atta ai ba shi gari."

"Mun sani. Tabarma dai munka shimhiɗa ƙarƙashin dogon yaro."

"To mi kuka kallo?"

"Ba mu kallon komi. Ga rediyon Mamman nan muna jin wasa, muna gardama." Ina jin dariyarsu a bayansa. "Kada ka ji haushi, Malam. Kayanka sun yi, wallahi ba irinsu garin ga. Amma gidanka ko tari mutum yay yi sai ka harare shi."

Na ajiye wayar. 'Yan kallo dubbai suna ihu ta gabana da bayana da gefena, kamar ina tsakiyar filin, kuma ni kaɗai ne a ɗakin. Na tashi na kashe su bisa ƙa'ida, masu ƙarfi tukuna. Na ɗauki ledar tsiren na hau babur.

Da na isa ba wanda ya yi mamaki. Mamman, ɗan majalisarmu mai rediyon, ya matsa ya ba ni gefen tabarma, aka buɗe tsire, aka ci gaba da musu a kan ƙwallon da ba wanda ya gani. Rediyon sai shaƙewa take yi, ana bubbuga ta. Na dubi ƙofar Atta a rufe, mutumin yana wata ƙasa, amma tabarmarsa ta tara mutum shida. Na buɗe baki in ce a yi shiru mu ji, sai na cusa tsire a ciki.